Azumin da Kaskon Inna Ya Fita Waje

Bana azumi ya sake faɗowa cikin sanyi. Jiya bayan la'asar na fita bayan gida da kasko da 'yan gawayina, na zauna a kan matakala ina fifita, yatsuna duk sun ƙage. Maƙwabcina a nan garin Pleasant Garden na Amurka, wani dattijon Bature mai son gaisuwa, ya hango hayaƙi daga can gefen filinsa ya ɗago mini hannu, ya ɗauka nama zan gasa. Ban tsaya yi masa bayani ba. Ta ina zan fara gaya masa abin da ya sa mace mai gida sukutum take turaren wuta a waje, iska na kwashe ƙanshin tana kai wa itatuwa? Sai dai in koma da shi baya shekara ashirin, can wani azumin, lokacin da sanyi ke shigowa ne ba fita ba.

A lokacin muna cikin garin Greensboro, a wani ɗan afatmen na hawa na biyu. Ni da maigidana Malam Isuhu, da 'yarmu ta fari Ummi mai shekara goma sha biyu, da jariri Abba, sai mahaifiyata Inna, wadda ta taso tun daga Damagaram don ta yi mini wankan jego. Jego ya ƙare, ita ba ta koma ba tukuna, azumi ya riske ta a wurinmu.

Wannan kakar ta zo da wani irin ruwa marar zuciya. Ba ya zuba a huta, sai yayyafi siriri tun safe har yamma, ganyaye su faɗo su manne a kan kwalta, sararin sama ya yi kalar tokar murhu. Malam Isuhu ya bi tagogi duk ya liƙe su da leda don kada zafin hita ya tsere. Kafet ɗin gidan ya girmi aurenmu. Da asuba Inna ce ke riga kowa tashi, ta dama kunu, ta ɗumama tuwon semo da miyar kukar da ta ƙullo daga gida. Gero babu, tsamiya ta ƙare, kanwar ma kaɗan-kaɗan ake sa ta. Bayan salla Malam ya tafi ɗakin ajiyar kayan da yake aiki, ni in kama hanyar shagon kitso, in wuni a tsaye a kan kawunan mutane. Ga azumi, ga shayarwa. Wajen azahar sai in ji cikina ya naɗe, harshena ya yi kauri, yatsuna na kitso amma idona na ganin dishi-dishi.

Inna kuwa ta wuni a gida da Abba. Ba ta jin Turanci, ba ta san kowa ba, matakalar benen ma tsoronta take ji. Matar da a Damagaram ba a ɗaura aure a unguwa sai da turarenta, ta dawo tana leƙen motoci ta taga. Abin da ya rage mata na kanta shi ne kaskon nan, ɗan baƙi na yumɓu mai gutsurarren baki, da kwalabenta na hawi da sandal da kajiji. Safe da yamma sai ta tada garwashi. Na'urar nan ta jikin silin mai ihu in ta ji hayaƙi ta yi mana ihu har muka gaji, Malam ya hau kujera ya ɗaure mata baki da leda. In na dawo daga aiki, tun daga ƙasan bene nake jin ƙanshin gidanmu, kuma wallahi daɗi nake ji. Shi kaɗai ne abin da ke gaya mini ni 'yar wani wuri ce.

Sunan Inna aka sa wa Ummi, shi ya sa ake ce mata Ummi. Ga ta 'yar fari, ga ta takwarar mahaifiyata, to kunyar ta zama biyu. Sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. A gaban Inna ko Ummin ba na faɗa, sai dai in ce "takwararki", ko "yarinyar nan". Ba na jan ta a jiki, ba na tambayar ko ta ci abinci. Ta Inna ce, a gadon Inna take kwana. Haka aka yi mini, haka na taso na gani, ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai a wannan kakar.

Ummi doguwa ce, duk ƙafa. Da aka koma makaranta kocin gudu ya gan ta, ya ji an ce daga Afirka take, sai murna ta kama shi. Shi a wurinsa Afirka unguwa ɗaya ce, kuma kowa da gudu aka haife shi. Ya sa ta cikin masu gudun nesa, irin wanda suke yi cikin ciyawa da itatuwa. Malam ya yarda bisa sharaɗin dogon wando da ɗan hijabi. Yarinyar da ta shekara uku ba ta da ƙawa, sai ga ta tana dawowa gida da sunayen mutane a baki. Na ga gudun nan ne ya ba ta wurin tsayawa a ƙasar.

Tarin ya fara ne a hankali. Abin mamaki, ba ta cika yinsa tana cikin gudu ba, sai ta tsaya. Ta ɗan huta kaɗan, sai ƙirji ya ɗaure, tari ya taso busasshe, numfashinta na fita da ɗan siririn fito. In an jima ya sake ta kamar ba a yi ba. Da zafi-zafi abin da sauƙi, sanyi na shigowa ya ƙaru.

Malam ya ce, "Rashin sabo ne. Mu da muke bin jaki da gudu tun daga gona, wa ya taɓa jin yaro ya yi gudu ya rasa numfashi? Wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne."

Inna ta ce, "Sanyin garin nan ne ya shige ta. Ku bar mini ɗiyata."

Maganin Inna kuwa hayaƙi ne. Bayan shan ruwa ta zuba habbatus sauda da ɓawon tafarnuwa a garwashi, ta lulluɓe Ummi da zane a kan kaskon, ta ce ta shaƙa sosai. Ummi ta fito idanu jajaye tana tari, Inna ta ce, "Yawwa, ga shi nan yana fita."

Wata ranar da babu mutane a shago na je ɗauko ta a filin. Iyaye na tsaye a bakin shinge cikin yayyafi. Wata baƙar fatar Amurka, mai jiki da murya, wadda daga baya na saba kiranta Maman Tasha, ta saurari tarin Ummi ta juyo ta kalle ni.

"Taki ce wannan? Ina inhelarta?"

Na ce ban san abin da take nufi ba. Ta ja ni wurin jakar kocin ta nuna mini. Ƙananan abin shaƙa ne a ciki, kowanne da sunan mai shi a manne. Akwai na Tasha 'yarta. Akwai na wani yaro ɗan Meziko, da na wata 'yar mutanen nan na duwatsun Biyetnam da ke da yawa a garin, har da na wata Baturiya 'yar Summerfield da aka ce iyayenta dawakai gare su. Na tsaya ina kallon jakar nan. Ashe ciwon bai tambayi kowa garinsu ba.

"Kakar Tasha cewa ta yi in ba ta man kifi," in ji Maman Tasha. "Waccan kuma uwarta shafa mata man zafi take yi a tafin ƙafa. Kowa da kakarsa, 'yar'uwa. Amma ki kai ta likita."

Na kai ta. Aka sa ta hura wani bututu, aka sa ta gudu a kan inji har ta yi gumi, aka sake sa ta hurawa. Kafin nan wata ma'aikaciya ta tambaye ni wane jinsi ne mu, wai injin yana son sani. Na ce Hausawa. Ta duba ta ce babu wannan, ta danna baƙar fata. Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce hanyoyin iska na ƙirjin Ummi tsukewa suke yi idan ta yi gudu tana jan iska mai sanyi da baki, kuma wani nau'i ne na asma. Ta ce tana ganinsa a yara kowane iri, amma a nata ganin ya fi wahalar da waɗanda ke zaune a tsofaffin gidaje rufaffu. Ta rubuta abin shaƙa, a yi amfani da shi kafin gudu. Ta ce ba sai ta daina gudu ba.

Har mun miƙe, sai ta matso ta sunsuni hijabin Ummi.

"Wa ke shan taba a gidanku?"

Raina ya ɓaci. Na ce mu Musulmi ne masu mutunci, babu mai shan taba.

"To wannan ƙanshin fa? Yana da daɗi."

Nan na saki fuska, har da ɗan alfahari, na ba ta labarin turaren Inna, da kasko, da tagogin da aka liƙe, da zanen lulluɓi. Ina magana ina ganin fuskarta na canjawa. Ta bari na gama, sannan ta ce hayaƙin nan shi ke sa ƙirjin ya kwana a kumbure, gudu kawai ƙarasawa yake yi. Ta ce in ba a fitar da shi daga gidan ba, abin shaƙar ba zai riƙe ta kullum ba, kuma wata rana tsukewar za ta iya ƙin saki.

Na gaya wa Malam a mota. Ya ce, "Mahaifiyarki ce." Gaskiyarsa. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukarsa, shi ne zai ce mata ta kashe kasko? Ni kuma in buɗe baki in ce me? In nuna damuwa da 'yar fari a gaban uwata, wannan rashin kunya ne. In ce mata maganinki ne ke ƙara ciwon, wannan ya wuce rashin kunya. Sannan in raba ta da abu ɗaya tilo da ya rage mata a ƙasar da ko gaisuwa ba ta iya yi.

Sai na koma dabara. Na ɓoye gawayi na ce ya ƙare a kanti. Kwana biyu sai ga Hajiya Mariyama, wata 'yar Maraɗi da ke ƙasan benenmu, ta aiko da jaka guda, wai ta ji Inna ba ta da shi. Na yage ledar taga ɗaya na buɗe, Inna ta rufe ta ce zan kashe mata jariri. Na ce mai gidan haya ya hana, ta ce ai ba ya nan. Abin shaƙar ya taimaka, tarin ya ragu, ni ma na lallaɓa zuciyata da wannan.

Tseren ƙarshe na shekarar ya faɗo a goman ƙarshe na azumi. Inna da kanta ta hana Ummi azumi ranar, ta kuma ce za ta je ta ga wannan gudun lakwal, wato makaranta, da ake ta magana. Da safe, don gata, ta ɗora rigar gudun da hijabin a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifewa a kan kasko, ta ba su hayaƙi har suka ƙoshi. Sannan ta lulluɓe Ummi da zane, wai ƙirji ya buɗe. Ina tsaye da Abba a hannu. Ummi ta ɗago ido ta kalle ni kafin zanen ya rufe ta, don ita ma ta ji abin da likita ta ce. Bakina ya yi nauyi, zanen ya sauka.

Da yamma sanyin ya fi na kullum. Yayyafi ya ɗauke, iska ta maye gurbinsa, busasshiya, mai yanka kunne. Ga yunwar la'asar. Inna ta naɗe cikin bargo a bakin shinge, ido kawai ake gani. Da yaran suka ɓullo daga cikin itatuwa, Ummi na cikin na gaba-gaba. Inna ta manta da sanyi ta rangaɗa guɗa, Turawa suka juyo suna dariya.

Ummi ta tsallake layi, ta yi 'yan taku, ta dafa gwiwa. Na jira tarin da na saba ji. Bai zo ba. Kafaɗunta ne kawai ke hawa da sauka, wuyanta na lotsawa, bakinta a buɗe amma babu abin da ke shiga. Sai ta zauna a cikin laka.

Ban san lokacin da na miƙa wa Inna Abba ba. Na dai gan ni a ƙasa, Ummi a jikina, bayanta a ƙirjina. Koci ya zo da abin shaƙa a guje, Ummi ta kasa riƙewa. Maman Tasha ta durƙusa ta riƙe mata, ta daka mini tsawa.

"Tsoro ne ke ƙara shaƙe ta. Yi mata magana! Kira sunanta, ke ce uwarta!"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne sunan da aka raɗa mata, wanda shekara goma sha biyu ban furta ba. "Hauwa'u. Hauwa'u 'yata, ga ni nan. Ja a hankali." Na yi ta faɗa ina shafa kanta, hawaye na zuba, ƙanshin hawi na tashi daga hijabin yana shiga hancina. Na cire shi na rufa mata gyalena. Can sai fiton ya dawo, sannan tari. Ban taɓa jin daɗin tari irin na ranar ba.

Da na ɗago, Inna na tsaye a bayanmu. Ta kawar da kai tana jijjiga Abba, kamar ba ta ji komai ba. Kara ta yi mini.

Muka biya asibiti, suka duba ta suka sallame mu, ruwa ma a mota muka sha da dabino. Da muka isa gida Inna ba ta tada garwashi ba. Ta jira Malam ya fita masallaci, sannan ta kira ni ɗaki.

"Me lokotoro ya ce tun farko?"

Na sunkuyar da kai na gaya mata duk abin da likitar ta ce. Na ɗauka za ta yi faɗa, ko ta ce Turawa sun juya mini kai. Sai ta zauna a bakin gado.

"Ƙanena Habu," ta ce, "ba ki san shi ba. In yara suka yi tsere shi sai ya zauna yana haki, ƙirjinsa na irin kukan nan. Rago ake ce masa. Uwarmu ta turara shi, ta turara shi. Wata rana da ɗari aka wayi gari babu shi." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ke kuma kin sani, kika tsaya kina kallona ina ba ta hayaƙi?"

Na ce, "Kunya, Inna."

"Kunyar me? Ni na koya miki ita, amma ban ce ki ba ni ɗiyar in kashe ba."

Washegari ta sa aka yi gayya. Hajiya Mariyama ta zo da wasu mata biyu, duk da azumi a baki. Muka sauke labule, muka kwashe zannuwan gado da kayan sawa muka kai injin wanki, muka goge bango da ruwan sabulu har ruwan ya koma ruwan kasa. Malam ya ari injin wanke kafet, ya hau kujera ya kwance wa na'urar silin bakinta. Inna ce ke ba da umarni daga kan tabarma. Da muka gama, gidan ba ya ƙanshin komai. Na ji kamar an kwashe mu an kai gidan wasu.

Ranar Salla na tashi ban ji motsinta ba. A gidanmu na Damagaram, safiyar Salla ba ka ganin na kusa da kai don hayaƙi. Na leƙa ta taga, sai ga ta can ƙasa a gefen wurin ajiye motoci, matar da ke tsoron matakala. Ta tsuguna cikin bargo, raɓa ta daskare ta yi fari a kan ciyawa, kaskon na gabanta. Ta zuba hawi, ta kara tafin hannunta, ta shaƙa ita kaɗai. Da garwashin ya mutu ta bar bargon a kan ƙarfen bene, ta wanke hannu da fuska kafin ta taɓa Ummi.

Sanyi bai ƙare ba ta koma gida. Kwalaben ta tafi da su, kaskon ta bar mini, da sharaɗin kada ya sake kwana da wuta a ƙarƙashin rufi. Ummi ta ci gaba da gudu har ta gama sakandare, abin shaƙarta a aljihu. Inna ba ta sake ganin tserenta ba. Bayan 'yan shekaru aka bugo mana waya cewa ta rasu.

Yanzu komai akwai. Gero da tsamiya ana samu a kanti, har kaskon lantarki ake sayarwa. Yaranmu da yawa suna da abin shaƙa, babu mai ce musu ragwaye. Ni dai kaskona na yumɓu ne, kuma wurinsa matakalar baya.

Jiya ina zaune a nan Ummi ta iso shan ruwa da 'ya'yanta. Ta shigo ta ƙofar gaba, ta zo ta tsaya a bayan ƙofar gilashi tana kallon hayaƙin. Ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Mama, buɗe kaɗan. Na manta yadda Inna take ƙanshi."

Na kalli kaskon, na kalle ta. Mace mai shekara talatin da ɗoriya, amma har yanzu in sanyi ya yi ina sauraren ƙirjinta.

Na ce, "A'a, Hauwa'u. Koma ciki."

Na ɗebo ruwa a buta na zuba wa garwashin.